Lita 25 a tanki, amma kilomita nawa a kan ruwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin ruwa a Yauri da sassafe ranar kasuwa ya san jan tankin nan na Yamaha da ake ajiyewa a gindin jirgi kusa da ƙafar matuƙi, da baƙin tiyo mai ɗan kumburi a tsakiya wanda ake mammatsawa kafin a ja igiya inji ya tashi. Babban yana cin lita 24 ko 25, akwai kuma ƙarami na lita 12 da ake haɗawa da ƙananan injuna. Tunda mai ya yi tsada tambayar da na fi ji a bakin masu son shiga harkar jirgi ita ce, tanki ɗaya ina zai kai ni? Ni kuma kullum sai in ce wallahi tanki bai san hanya ba, shi dai lita ya sani. Tanki ɗaya, inji ɗaya, jirgi ɗaya, yau ya kai ka ya dawo da kai har da ragowa, gobe ya mutu maka a tsakiyar ruwa kana hango gari, kuma ba aljani ba ne ba sammu ba ne, lissafi ne.

Kawuna yana da jirgin katako da inji mai ƙarfin doki 40, irin Yamaha Enduro ɗin nan da masu jirgi ke ce wa foti kawai. Awonsa na mai ɗaya ne tun ina yaro, ya kama hannun tanki ya ɗaga ya ɗan girgiza kusa da kunne ya ce ya isa. Wata rana na bi shi cin kasuwa a wani ƙauye da ke ƙasa da mu, muka tafi muna bin ruwa, jirgi kusan wayam, mutum bai fi goma ba. Da muka isa ya ɗaga tanki ya ji da nauyi, ya ce "ka gani ko ɗan boko, ko rabi ba mu ci ba." Na ce Kawu a ƙara ko galan ɗaya ne, ya ce in bar masa aikinsa. A dawowa an loda buhunan masara, babura biyu, mata da kwanduna, ga iska ta taso daga gaba. Bayan la'asar kaɗan inji ya fara tari. Sai na ga ya cire silifas ɗinsa ya tokare gefen tanki da shi don sauran man ya gangaro wajen bakin bututu, hakan ya ƙara mana 'yan mintoci, daga nan tsit. Da filafili da gora muka lallaɓa zuwa wani gungu, inda ya sayi mai a kwalba a farashin da har yau ba ya son a tuna masa.

Kawu bai yi ƙarya ba da ya ce ko rabi ba mu ci ba. Abin da ya kuskure shi ne ɗaukar cewa dawowa daidai take da tafiya.

Bari mu fara da shi kansa injin. Mai mota yana lissafi da kilomita, amma injin jirgi da awa yake shan mai. Foti mai tafiya biyu, wato wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, idan aka murɗe masa totur har ƙarshe yana juyawa wajen 4500 zuwa 5500 a minti, kuma yana iya shanye lita 15 zuwa 20 a awa ɗaya. Mai doki 15 kuwa wajen lita 6 zuwa 7. To ka ga ke nan cikakken tankin lita 25 a kan foti da aka buɗe wa wuta gaba ɗaya bai kai awa biyu ba, wani lokaci awa ɗaya da 'yan mintoci ya tashi. Kuma ma lita 25 ɗin nan ba duka ce taka ba. Ba a cika tanki har baki saboda fetur yana kumbura in rana ta buge shi, sannan bututun da ke zuƙo mai ba ya share ƙasan tanki tas, musamman in jirgi ya ɗaga hanci mai ya taru gefe guda, shi ya sa dabarar silifas ta yi aiki. Ni in ina lissafi lita 22 nake ɗauka.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, kuma nan ne na ga yawancin matasan matuƙa ba su yarda ba. Jirgin katako irin namu ba ya hawa saman ruwa ya zame, ture ruwa yake yi da ƙirjinsa. Duk jirgin da ke tafiya a haka yana da wani gudu da tsawonsa ya yanke masa, domin yana tafiya yana haifar da igiyar ruwa a gaba da baya, in gudun ya ƙaru igiyar sai ta yi tsawo har ta kai tsawon jirgin, daga nan gindi ya zauna cikin rami, hanci ya ɗaga, jirgi ya koma kamar mai hawan tudun da shi da kansa ya tara. Masu ƙera jirage suna da lissafin wannan, jirgi mai tsawon mita 12 iyakarsa ta sauƙi wajen kilomita 15 zuwa 16 a awa, mai mita 15 wajen 17. Siririn jirgi yana iya ɗan wuce haka, shi ya sa ma magabata suka sassaƙa nasu dogaye sirara ba tare da sun shiga aji ba. Amma da zarar ka matso wannan iyaka, duk ƙarin totur da ka yi yawancinsa ƙara ne da hayaƙi da kumfa a baya, gudun da ya ƙaru ɗan kaɗan ne. A ka'ida ƙarfin da ake buƙata ba ya hawa daidai da gudu, in kana son ninka gudu sau biyu ƙarfin da za ka nema ya kusa ninki takwas.

Mu sa lambobi don a gani, misali ne kawai na zaɓa, kowane jirgi da nasa. A ce tafiyar kilomita 24 ce a ruwa kwance. Matuƙi na farko ya murɗe totur duka, yana kilomita 16 a awa yana shan lita 18 a awa, zai isa cikin awa ɗaya da rabi, ya ƙone lita 27, ka ga tanki ɗaya ma bai kai shi ba sai ya buɗe jarka a hanya. Na biyu ya sassauta hannu, yana kilomita 13 a awa yana shan lita 10, zai isa cikin awa ɗaya da minti 51, ya ƙone lita 18 da rabi. Minti 21 ne tsakaninsu, amma lita 8 da rabi. In muka ɗauki lita a naira 1000 don sauƙin lissafi, ya biya naira 8500 don ya riga ɗan'uwansa isa da minti 21, kuma a tafiya ɗaya ke nan ba a dawo ba. Yi wannan sau uku a mako ka gani ko ba kuɗin sabuwar farfela ba ne a wata.

Na san abin da za a ce mini, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda ya riga isa shi ke kwasar fasinjan dawowa, mai kifi ɗanye yana tsere da rana ne, sannan fasinja da kansu in suka ga wani jirgi ya wuce su sai a fara "direba yau ba ka ci tuwo ba ne?" Yaro ɗan shekara ashirin ba zai jure wannan ba, sai ya murɗa. Kuma sau da yawa ba shi ke sayen man ba, mai jirgi ne ke zaune a gida yana mamakin ina riba take tafiya. Inda aka yi tsarin da matuƙi ke da kaso a abin da ya rage na mai, za ka ga hannunsa ya yi sanyi da kansa ba wa'azi.

Sai maganar gudun ruwa, wadda ita ce ta kama Kawu. Yauri tana can saman tafkin Kainji ne, inda kogin Neja ke shigowa, tun da aka gama madatsar a 1968 ruwan ya zama rabi kogi rabi tafki, wani wuri kwance wani wuri yana ja. Kuma cikar ruwa iri biyu ce a shekara, akwai farin ruwa na damina wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa wajen Agusta zuwa Oktoba da laka a cikinsa, akwai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar ya iso mana cikin sanyi. Wato hanyar da ka sani a watan Afrilu ba ita ba ce a Satumba ko da gari bai matsa ba. A ce jirginka yana kilomita 12 a awa, ruwa kuma yana gudun kilomita 4. In kana bin ruwa kana cin 16, in kana gaba da shi 8 kawai. Kilomita 24 ɗin nan a tafiya awa ɗaya da rabi, a dawowa awa uku cur. Inji kuwa bai san ka juya ba, yana shan abinsa da awa, don haka dawowa ta ci ninki biyu na tafiya tun kafin a ɗora buhu ko ɗaya. Wanda ya isa ya ga ya ci kashi ɗaya cikin uku na tanki yana murna, alhali sauran biyun duka dawowa za ta lashe, ba ragowar ko cokali. Wani abin da mutane ba su lura ba, abin da ruwa ya ba ka a gangara bai kai abin da zai karɓe a hawa ba, jimillar tafiyar awa huɗu da rabi ce, da ruwan kwance ne awa huɗu ce.

A nan kuma shawarar sassauta totur tana da iyaka, kada wani ya ce na ce a yi ta rarrafe. In kana gaba da ruwa mai ƙarfi ka rage gudu sosai, to kana ƙona mai ne kana kallon bishiya ɗaya a gaɓa. Ruwa na gudun 6 kai kana 8, kilomita 2 kake ci a awa, wannan asara ce tsantsa. A hawa ana ɗan ƙara wuta, a gangara a rage a bar ruwa ya yi aikin, kuma tsofaffin matuƙa sun san su raɓi gefe inda ruwa ba ya ja sosai in suna hawa, su shiga tsakiya in suna gangara. Sai dai gefen nan shi ne inda kututturan itatuwan da tafki ya shanye suke laɓe, wanda bai san wurin ba gara ya ƙona man.

Jiragen fayiba masu gudu da jami'ai da masu hali ke shiga, nasu lissafin daban ne. Su an yi su ne su hau saman ruwa, kuma inda suka fi shan mai shi ne tsaka-tsaki, lokacin da hanci ya ɗaga sama amma jirgin bai kwanta ya zame ba. Irin wannan ko dai ka tafi a hankali sosai, ko ka ba shi wuta ya hau sannan ka rage kaɗan ya tsaya a kai. Kada a ɗauki dokar jirgin katako a kai can.

Lodi kuma kowa ya san yana ƙara shan mai, amma ba a cika lissafa ruwan da ke cikin jirgi ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgin da ke yoyo yaron jirgi yana wasa da kwalfewa zai iya ɗaukar nauyin mutum uku ko huɗu da ba su biya ko sisi ba. Haka gansakuka da dattin da ke manne a ƙasan jirgin da ya daɗe ba a fito da shi an kankare ba. Yadda aka raba kayan ma yana da tasiri, in duk nauyi ya koma baya gindi ya nutse jirgi yana jan ruwa a bayansa kamar mai jan zane.

Ita kuwa farfela, a ganina ita ce ɓarauniyar da ba a zargi. Kunne ɗaya ya ɗan lanƙwashe don ta daki kututture ko yashi, makaniki ya daddaka da guduma ya ce ta yi, alhali tun daga ranar tana yanka ruwa a karkace. Ko kainuwa da tsohuwar raga su naɗe a gindinta. Sannan akwai girman murɗinta, wanda ake rubutawa a jiki da inci, kamar 11 ko 13 ko 15. Mai babban murɗi ta jirgi marar nauyi ce, in ka sa ta a jirgin da ke ɗaukar buhuna inji zai yi ta nishi ya kasa kai juyinsa, kamar ka tashi mota da lodi a giya ta huɗu. Kowane inci ɗaya yana canja juyin inji da wajen 150 zuwa 200 a minti. Jirgin kaya ƙaramin murɗi yake so. Da yawa an sayi inji da farfelar da ta zo da shi an ɗaura, ba wanda ya tambaya ko ta dace da jirgin. Haka zaman injin a jikin katakon baya, akwai mai gajeriyar ƙafa ta inci 15 da mai doguwa ta inci 20, in ƙafar ta nutse fiye da kima tana jan ruwa a banza, in ta yi sama farfela ta riƙa shaƙar iska inji yana ihu jirgi ba ya tafiya.

Gaurayen mai ma akwai magana. Ka'idar irin waɗannan injuna kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na man inji, wato rabin lita a tankin lita 25, sabon inji ne kawai ake ninka masa a awanni 10 na farko. Amma a bakin ruwa da ido ake zubawa, wani ya ce gara ya yi yawa, sai fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, wuta ta ragu, matuƙi ya ƙara murɗawa. Wani kuma don tsimi ya rage, ko ya zuba baƙin man mota da aka juye, wannan kam ranar da fistin ya kama zai san araha ba ta ado. Ga man 'yan bumburutu da wani lokaci akwai ruwa ko datti a ciki, ya toshe kafireta, a je a buɗa jet, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikinta, da allura a faɗaɗa shi, daga ranar inji ya zama mashayi. Wani ƙaramin abu kuma, ɗan sukurun iska da ke kan murfin tanki, in an manta ba a kwance shi ba tanki zai tsotse kansa inji ya mutu da mai cike, na ga wanda ya kusa sauke kafireta a tsakiyar ruwa saboda wannan.

Shi inji mai tafiya biyu dama can haka aka halicce shi da ɓarna, lokacin da sabon mai ke shiga ƙofar hayaƙi a buɗe take, don haka wani kaso mai yawa, har kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100, yana fita bai ƙone ba. Wannan shuɗi-shuɗin da kake gani yana yawo a kan ruwa bayan jirgi kuɗinka ne. Mai tafiya huɗu ya fi shi tsimi nesa ba kusa ba, musamman a matsakaicin gudu, kuma ba a gauraya masa mai. To me ya sa ba a koma masa ba? Tsada, nauyi, ba ya haƙuri da gurɓataccen mai, sannan in ya lalace a gungu wa zai taɓa shi? Enduro kuwa kowane makaniki a bakin ruwa zai wargaza shi a kan buhu ya mayar kafin azahar. Ni ban ga laifin wanda ya zauna a kan abin da ya san gyaransa ba, sai dai ya sani yana biyan wannan sauƙin a kowace lita.

Masu tafiyar ruwa a duniya suna da wata ƙa'ida ta raba mai uku, kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya a ajiye ba a taɓawa sai larura. A ruwa mai gudu ma sai an gyara ta, tunda mun ga dawowa kaɗai na iya cin biyu. Wasu na cewa ƙarin jarka nauyi ne, wannan ba hujja ba ce, litar fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, wajen gram 740 ce, jarkar lita 25 ba ta wuce kilo 19 ba, buhun masara ɗaya ya fi jarka biyar. Maganar gaskiya kuɗi ne. Kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1000 a wurare da yawa, a bakin ruwa kuma kullum da ƙari a kai. Mai jirgin da a da yake cika tanki da jarka biyu bai ji komai ba, yanzu sai ya tara kuɗin fasinja sannan ya aika yaro ya sayo daidai na zuwa.

Kuma nan ne lissafin mai ke haɗuwa da maganar rai. Tunda kuɗin mai na tafiya ba ya ninkuwa don an ninka mutum daga 30 zuwa 60, jarabar ƙara mutum tana da ƙarfi, kuma jiran jirgi ya cika maƙil shi ke sa a tashi a makare a shiga dare, alhali NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, ta hana tafiyar dare. Mutanen ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ba su manta da Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa garinsu na Wara ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse, aka ceto kaɗan. Wannan tun mai yana araha ke nan. Jirgin da aka danne da lodi, in inji ya mutu masa don mai ya ƙare, ba shi da ikon fuskantar igiya, sai ya juya ya ba ta gefe, kuma bakinsa dama tafin hannu ɗaya ne tsakaninsa da ruwa. Lita 8 ɗin da sassauta totur zai rage kuɗi ne da ake samu ba tare da an cusa ƙarin fasinja a ƙarshe ba.

Abin da na roƙi Kawu ya yi bayan waccan rana ba wani abu ne mai wuya ba. Ya cika tanki zuwa wani wuri da ya sani, ya yi tafiyar da ya saba, in ya isa ya sake cikawa da galan yana ƙirgawa, ya yi haka a tafiya ya yi a dawowa, da lodi da ba lodi, a farin ruwa da kuma rani. Wayar hannu ma yanzu tana nuna gudu da nisa in an kunna taswira, sai ka ga da idonka inda ƙarin totur ya daina ƙara gudu. Bai yarda da wayar ba, ya ce kunnensa ya fi ta, kuma gaskiya akwai wani sauti da inji ke yi in ya samu daidai, ya daina kuka ya koma gurnani. Amma ya samu sandar dogonyaro ya yi mata tsaga huɗu da wuƙa yana tsomawa a tanki, ya kuma ɗaure farfela ta biyu mai ƙaramin murɗi a ƙarƙashin benci don ranar buhuna. Galan ɗaya na ajiya yana nan a hancin jirgi cikin buhu nesa da masu shan taba, ya ce ko yaron jirgi bai yarda ya san da shi ba don kada a zuba a babur.